Jengis Khan: me ya sa Mongolawa ke girmama shi, littattafanmu kuma na tsine masa?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Malam, a karatunmu mun san Jinkiz Khan da Tatar a matsayin annobar da ta auka wa Musulmi, suka ƙona Bagadaza, suka kashe halifa. Sai ga shi na ga hoton wani katafaren mutum-mutuminsa a Mongoliya, wasu kuma a Facebook suna cewa shi ya kawo 'yancin addini da kasuwanci tsakanin ƙasashe, wai har maza miliyan 16 jikokinsa ne. Wanne ne gaskiya?"

Ɗan'uwa, bari mu fara da gyara guda biyu, domin da yawan gardamar da ake yi a kansa daga nan take tasowa. Jengis Khan bai taɓa taka Bagadaza ba. Ya mutu a watan Agusta na 1227, yana tsakiyar yaƙi da daular Tangut a arewa maso yammacin Sin. Wanda ya ci Bagadaza ya kashe halifa Musta'asim a 1258, wato 656 bayan Hijira, jikansa ne Hulaku ɗan Tului, shekara talatin da 'yan watanni bayan an binne kakan. Gyara na biyu a kan sunan Tatar ne. Marubutan Larabci sun kira Mongolawa duka da wannan suna, amma ainihin Tatar wata ƙabila ce ta makiyaya wadda ta sa wa Yesugei, mahaifin Jengis Khan, guba tun Jengis yana yaro ɗan kimanin shekara tara, ana kiransa Temujin. Da ya yi ƙarfi ya ci su da yaƙi a 1202, sai ya sa aka riƙa tsayar da mazansu a jikin ƙafar amalanke, duk wanda tsawonsa ya wuce cibiyar ƙafar a sare shi. Mongolawa da kansu suka rubuta wannan a tarihinsu, ba wani maƙiyi ya yi musu ƙage ba. Ka ga ke nan tun kafin ya ga garin Musulmi ko ɗaya ya riga ya gwada wannan salo a kan maƙwabtansa.

Abin da ya sa mutanensa ke ganin girmansa kuwa shi ne halin da ya same su a ciki. Ƙabilu ne masu zama cikin tantuna, rayuwarsu doki da tunkiya, kullum cikin satar dabbobi da sace mata da ramuwar gayya. Mahaifiyarsa Ho'elun sato ta aka yi, matarsa Borte ma ƙabilar Merkit sun taɓa sace ta, shi ya sa har ya mutu ana ƙus-ƙus a kan ko babban ɗansa Joci nasa ne. A 1206 aka yi babban taro a gabar kogin Onon, aka naɗa shi da sunan Jengis Khan. Abin da ya yi a wurin shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Ya rusa tsarin ƙabila ya mayar da jama'a rukuni-rukuni na soja: goma, ɗari, dubu, dubu goma. Kowane rukunin dubu yana da iyalansa da makiyayarsa, ya naɗa shugabannin dubu har 95, da yawansu ba 'ya'yan sarauta ba ne. Jebe, ɗaya daga cikin manyan sarakunan yaƙinsa, abokin gaba ne da ya taɓa harbe masa doki a fagen fama, ya amsa laifinsa a gabansa, aka ɗauke shi aiki. Ba a yarda mutum ya bar rukuninsa ya koma wani ba, hukuncin yin haka kisa ne. Ba a tsayawa ɗibar ganima sai an gama korar abokin gaba, sannan a tara a raba. Ya kuma kafa rundunar dogarai ta mutum 10,000 wadda aka cika da 'ya'ya da ƙannen shugabannin rukunoni. Waɗannan yara suna koyon mulki a gindinsa, kuma a lokaci guda garkuwa ne a hannunsa: uban da ya yi tawaye ya san inda ɗansa yake kwana. Rubutu ma shi ya kawo musu, ta hannun wani magatakarda da aka kamo daga ƙabilar Naiman a 1204, wanda ya daidaita baƙaƙen Uigur da harshen Mongol. Har yau ana amfani da wannan rubutu a Mongoliya ta Ciki, wani yanki na ƙasar Sin.

A ganina, wanda ya fahimci wannan tsari ya fahimci kisan ma, domin abu ɗaya ne. Biyayyar da ta hana soja satar akuyar ɗan'uwansa ita ce ta sa in an ba shi mutum ɗari ya yanka, zai yanka ba tare da ya tambayi dalili ba.

Yadda ya shigo ƙasashen Musulmi sananne ne. A 1218 wani ayari na fatake kimanin 450, galibinsu ma Musulmi, ya taso daga wajensa ya iso garin Utrar a bakin iyakar daular Khuwarizm. Gwamnan garin, Inalcuk, ya ce 'yan leƙen asiri ne, ya kashe su ya kwashe kayan. Jengis Khan ya aiko jakadu uku yana neman a miƙa masa gwamnan. Sarkin Khuwarizm, Ala'uddin Muhammad, ya kashe jakada ɗaya, ya wulaƙanta gemun sauran biyun ya kore su. A wajen Mongolawa taɓa jakada ba shi da kaffara. Wannan ba ya wanke abin da aka yi wa talakawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, amma Sarki Muhammad ya tsokano tsuliyar dodo ba tare da shiri ba. Sojansa na da yawa, sai dai bai amince da manyan hafsoshinsa ba, saboda da yawansu dangin mahaifiyarsa Turkan Khatun ne kuma ita suke wa biyayya. Bai daɗe da takun saƙa da halifa Nasir na Bagadaza ba, don haka ba mai kawo masa gudummawa daga can. Maimakon ya tara runduna wuri ɗaya, sai ya rarraba ta cikin ganuwoyin birane. Mongolawa suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Jengis Khan da kansa ya ratsa hamadar Kizilkum ya ɓullo wa Bukhara ta baya a farkon 1220, ta inda ba a zata ba. Samarƙand ta faɗi wata guda bayan haka. Sarkin ya gudu, ya mutu a wani tsibiri cikin tekun Kaspiya.

Kisan nasu yana da matakai, kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Da farko a aika wa gari da saƙo: ku miƙa wuya. In sun yarda, a ɗora musu haraji, a ajiye musu wakili mai sa ido, a ɗebi samari zuwa yaƙin gaba, wani lokaci a rushe ganuwa. In sun ƙi, sai a kewaye su, a kafa manjaniƙai, wato manyan majaujawan jifa da dutse, waɗanda gwanaye daga Sin ke sarrafawa. Kamammun garin da aka ci jiya su ake korowa gaba su cike gwalalo, su tura itatuwan fasa ƙofa, kibiyoyin masu tsaron ganuwa su ƙare a kansu. In gari ya faɗi, a fito da kowa fili a bayan ganuwa, a ware masu sana'a: maƙera, masaƙa, magina, masu aikin zinariya. A ware 'yan mata da yara na bauta, da samarin da za a kora gaba. Sauran a raba wa sojoji, kowa da adadinsa. A wasu wuraren sukan bar 'yan dakaru a baya su jira waɗanda suka ɓuya a ramuka su fito. Mafi munin hukunci yana kan iri biyu: garin da ya miƙa wuya sannan ya yi tawaye, da garin da aka kashe wani ɗan gidan sarauta a ƙofarsa. Naisabur ta faɗa cikin na biyu, domin a can kibiya ta kashe Tokucar, surukin Jengis Khan, aka dawo a 1221 aka tara kawuna tsibi-tsibi. Bamiyan ma haka, saboda a can aka kashe jikansa Mutugen. Hirat ta faɗa cikin na farko: an bar ta da farko, da labari ya zo cewa Jalaluddin ɗan Sarki Muhammad ya karya wata rundunar Mongol a Parwan sai ta yi bore, aka dawo aka kewaye ta wata shida aka share ta a 1222. Manufar ita ce garin gaba ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa. Sojansu ba su da yawan da za su tsare kowane birni. Marubucin tarihi Rashiduddin ya ce lokacin mutuwar Jengis Khan rundunar Mongolawa 129,000 ce. Tsoro shi ne ya tsaya musu a madadin masu gadi.

Sai batun alƙaluma, inda ake yawan zamewa. Za ka ji an ce an kashe 1,747,000 a Naisabur, 1,600,000 a Hirat. A kan birnin Marw, marubutan tarihi sun saɓa: Ibnul Asir ya ce 700,000, Juwaini ya ce 1,300,000, kuma ya ce wani sharifi ne shi da wasu mutane suka yi kwana goma sha uku suna ƙirga gawarwaki. Ɗauki alƙalami ka raba: gawa 100,000 ke nan a kowace rana, alhali yini da dare gaba ɗaya sakan 86,400 ne. Sannan shi Juwainin ya ba da labarin yadda Marw ta sake tara jama'a ta sake tawaye aka sake yi mata kisa, wanda ke nuna ba kowa ya mutu a karon farko ba. Marubutan wancan zamani in sun ce dubu sau dubu, nufinsu abin ya wuce ƙirga. Haka adadin miliyan 40 da ke yawo a intanet: kiyasi ne na yaƙe-yaƙen Mongolawa duka, har da na 'ya'ya da jikoki, kuma mafi yawansa daga gibin ƙidayar Sin aka ciro shi. Daular Jin ta arewacin Sin ta ƙirga gidaje sama da miliyan takwas a 1207, ƙidayar da Mongolawa suka yi a yankin wajen 1235 ba ta kai gidaje miliyan biyu ba. Gibin na da ban tsoro, amma a cikinsa akwai waɗanda suka gudu kudu, da waɗanda aka bautar ba a rubuta su ba, da waɗanda yunwa da annoba suka kashe, da waɗanda suka ɓuya wa mai karɓar haraji. Kada ragin alƙaluma ya ruɗe ka ka ɗauka abin ƙarami ne. Ko kashi ɗaya cikin goma na abin da Juwaini ya faɗa a kan Marw ya tabbata, an yanka mutum sama da dubu ɗari da takobi cikin 'yan kwanaki.

Yana da kyau ka san bakin wa kake ji. Ibnul Asir yana Mausil, bai ga yaƙin ba, daga bakin 'yan gudun hijira ya ji, kuma shi ne ya ce ya yi shekaru yana ƙin rubuta labarin saboda nauyinsa. Juzjani ya yi yaƙi da su a ƙasar Gur, ya gudu Indiya, ya rubuta nasa a Delhi yana la'antar su. Juwaini kuwa ma'aikacinsu ne, an haife shi a 1226, daga baya Hulaku ya ba shi riƙon Bagadaza. Shi ne ya kawo shahararren labarin Bukhara: Jengis Khan ya shiga babban masallaci a kan doki, aka zazzage akwatunan Alƙur'ani aka mayar da su komin dawaki, malamai na riƙe da linzami, sannan ya hau mumbarin filin idi ya ce wa attajiran gari shi azabar Allah ne, da ba su yi manyan zunubai ba da ba a aiko shi ba. Maganar ta yi daidai da yadda malaman lokacin suka fassara musibar, ta kuma yi wa masu gidan Juwaini daɗi, tunda ta mayar da su sandar ƙaddara. Wanda ya rubuta ta ba a haife shi ba ranar da aka ce an faɗe ta. Gobarar Bukhara dai ta tabbata, kuma hasumiyar Kalyan da aka gina a 1127 na cikin 'yan abubuwan da suka tsira, tana nan tsaye har yau.

Ɓarnar da ta fi daɗewa ba a ganuwa take ba, a ruwa take. Khurasan da Ma Wara'an Nahar, wato yankin Bukhara da Samarƙand, ƙasashen noman rani ne, sun dogara da madatsun ruwa da magudanai na ƙarƙashin ƙasa waɗanda sai an yashe su kowace shekara. In aka kashe manoma ko aka kwashe su, ko ba a fasa komai ba magudanar za ta cushe cikin 'yan shekaru, gona ta koma fako, makiyayi ya shigo da tumakinsa. A Marw an fasa madatsar kogin Murgab, a Gurganj an saki ruwan kogin Jaihun a kan gari. Samarƙand ta tashi daga tsohon mazauninta na Afrasiyab, wanda yanzu tudu ne kawai na masu haƙar tarihi. Ibn Baɗuɗa, wanda daga baya ya zo Mali har ya sauka Takadda a ƙasar Nijar ta yau, ya bi ta Balkh fiye da shekara ɗari bayan yaƙin ya same ta kufai. Hirat kuwa ta farfaɗo har ta zama babbar cibiyar ilimi a ƙarni na 15.

To, 'yancin addinin da ake yabonsa da shi fa? Akwai ƙamshin gaskiya. Bai tilasta wa kowa addininsa ba, ya kuma ɗauke wa malamai da limaman addinai haraji. Musulmin Kashgar sun yi murna da zuwan Jebe a 1218, domin Kuclug da ke mulkinsu ya hana su kiran salla. Akwai Musulmi a fadarsa tun kafin ya zama kowa, kuma Mahmud Yalawaj ne aka ba riƙon biranen da aka ci. Amma dalilinsa ba irin na kundin tsarin mulkin zamani ba ne. Yana ganin kowane mai addu'a na iya samun shiga a wajen Sama, abin bautar Mongolawa, don haka kowa ya yi masa addu'ar tsawon rai. Da ya kira wani dattijon malamin Tao daga Sin, Cangcun, suka haɗu a 1222 a tsaunukan Hindu Kush, tambayarsa ta farko ita ce ko ya zo da maganin hana mutuwa. Inda kuma addini ya ci karo da al'adar Mongol, al'adar ce ke sama. Su ba sa yanka dabba a wuya, ƙirji suke tsagawa su sa hannu su tsayar da zuciya don kada jini ya zuba ƙasa, kuma sun hana wanka ko wanki a ruwa mai gudu. Ɗansa Cagatai ya tsananta waɗannan dokoki har yanka da alwala suka zama abin ɓoyo ga Musulmin ƙasarsa. Dokokin nan su ne Yasa, wadda Ibn Kasir ya ambata da sunan Yasiƙ a tafsirin aya ta 50 ta Suratul Ma'ida, inda da yawan ɗalibanmu suka fara cin karo da sunan mutumin. A lura, babu cikakken kwafin Yasa da ya iso hannun kowa. Guntaye ne a littattafan Juwaini da Maƙrizi da wasunsu, har wasu masana na shakkar ko ta taɓa zama kundi guda rubutacce.

Kasuwanci da hanyoyin aika saƙo kuma yawancinsu aikin magada ne. Ɗansa Ogodai ne ya tsara zangunan sauya doki a faɗin daular, inda manzo mai ɗauke da allon shaida na ƙarfe ke samun doki da abinci ya wuce, shi ne kuma ya gina babban birni Karakorum a 1235. Zamanin da fatake ke ratsawa daga Bahar Aswad zuwa Sin lafiya ya zo ne bayan Jengis Khan ya daɗe a ƙasa. In ba za a ɗora masa Bagadaza ba, to ba za a ba shi ladan wannan shi kaɗai ba.

Gadon da ya bari wanda ya fi kowanne tsawon rai shi ne jininsa a matsayin sharaɗin sarauta. Ɗaruruwan shekaru a tsakiyar Asiya ba mai kiran kansa Khan sai wanda ya fito daga tsatsonsa ta wajen uba. Taimur Lang, mayaƙin nan na Samarƙand, duk da ƙasashen da ya ci, bai yi gigin ɗaukar sunan ba. Ya tsaya a Amir, ya ajiye wani ɗan zuriyar a matsayin Khan na jeka-na-yi-ka, ya auri 'yar gidan don a kira shi suruki. Babur da ya kafa daular Mugal a Indiya a 1526 jikan Cagatai ne ta wajen uwa. Gidan Girai, shi ma na zuriyar Jengis Khan, ya mulki Kirimiya har 1783. Abin da ya kamata mai karatun tarihin Musulunci ya riƙe shi ne akasarin waɗannan gidaje Musulmi ne. Berke, jikan Jengis Khan, ya musulunta har ya yaƙi Hulaku ɗan baffansa, shekara biyu bayan Mamalik, masu mulkin Masar, sun karya Mongolawa a Ainu Jalut a 1260. Gazan, sarkin Iran daga zuriyar Hulaku, ya musulunta a 1295, kuma wazirinsa Rashiduddin ne ya rubuta tarihin gidan mafi faɗi. Saboda haka a duniyar Musulmi ma suna biyu yake da shi: a Sham da Masar, inda aka rubuta littattafan da suka iso makarantunmu, maƙiyi ne, a wajen Kazak da Uzbek na da, kakan sarakuna ne.

Girmamawar da ka gani a Mongoliya, a siffarta ta yanzu, sabuwa ce. A zamanin gurguzu, ƙarƙashin inuwar Tarayyar Sobiyet, yabonsa laifi ne, tunda Rashawa na tuna jikokinsa a matsayin waɗanda suka ɗora musu haraji fiye da shekara ɗari biyu. A 1962 an yi ƙoƙarin bikin cikarsa shekara 800 da haihuwa, aka gina dutsen tunawa a Dadal, aka buga kan sarki. Mosko ta nuna ɓacin rai, aka tsige jami'in jam'iyya da ya jagoranci abin, Tomor-Ocir. Bayan 1990 ƙasar na neman abin da za ta tsaya a kansa tsakanin Rasha da Sin, sai sunansa ya hau kan takardun kuɗi da filin jirgin sama da kwalaben giya. Mutum-mutumin da ka gani na Tsonjin Boldog ne, gabas da Ulanbator, tsayinsa mita 40, na ƙarfen da ba ya tsatsa, an gama shi a 2008. Sin ma na cewa nata ne, tana da hubbarensa a Ordos wanda aka gina a shekarun 1950, ba gawa a ciki. A 2020 wani gidan tarihi a birnin Nantes na Faransa ya ɗage baje kolin da ya shirya a kansa, bayan hukumomin Sin sun nemi a cire sunansa da kalmar daula daga taken.

Maganar maza miliyan 16 ta fito ne daga wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2003. An gano wani nau'in ƙwayar da ɗa ke gada daga uba kaɗai a jikin kimanin kashi 8 cikin ɗari na mazan wani babban yanki na Asiya, aka kiyasta cewa asalinsa daga Mongoliya ne kimanin shekara dubu da suka wuce. Masu binciken suka ce mafi kusa shi ne gidan Jengis Khan ya yaɗa shi. Hasashe ne mai ma'ana, amma tabbatar da shi na buƙatar ƙashinsa a gwada. An binne shi a ɓoye, ana kyautata zaton a kusa da dutsen Burkhan Khaldun, aka killace wurin aka hana shiga, kuma har yau Mongolawa da yawa ba sa son a tona.